Ɗinkin da Iya Mai Keke Ta Farke

Shekara goma sha tara na yi ina aikin nas a makarantar kwana ta 'yan mata. In aka ce in nuna mutum ɗaya da ya san aikinsa a wurin, ba shugabar makaranta zan nuna ba, balle kaina. Iya Mai Keke zan nuna, telar makarantar. Bango ɗaya ya raba ɗakin maganina da ɗakin ɗinkinta, don haka ƙarar kekenta ta zame mini agogo. In na ji shiru da hantsi, to ko dai ta tafi alwala, ko kuma wata yarinya ta shiga tana raɗa mata magana.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, tsakanin nawa da wurin wanki. Taga ɗaya, benci ɗaya, baƙin keken ƙafa da ya girme ni, gwangwanin madara cike da maɓallai, sai igiya da ta ratsa ɗakin da fararen riguna a rataye. Ita kuma gajeriya ce, ga tabarau mai ƙafa ɗaya da ta ɗaure da zare, kullum da allura biyu a soke a gaban rigarta. Ina kiranta Yaya saboda ta ba ni shekara goma sha biyu, ita kuma Nas take ce mini. In na tsokane ta na ce tela ce amma ta kasa gyara tabaraunta, sai ta ce ai ni ma nas ce, kuma tunda ta san ni ina tari.

Ubanta tela ne a bakin titi. Allah ya ba shi 'ya'ya mata biyar, babu namiji ko ɗaya, da ya duba ya ga keke ba zai gaji kansa ba sai ya ɗora ta a kai tana shekara tara, ƙafarta ko isa matakin ba ta yi. Abu biyu ya bar mata. Na farko ɗinkin ɓoye. Na biyu wata doka da yake maimaita mata kullum: tela ba ya tambayar yadda riga ta yage. A cewarsa tela yana ganin abin da mutane suke rufewa, wa ya rame, wa ya yi ciki, wa aka daka a gida, kuma ranar da ya fara tambaya ranar zai fara zama shi kaɗai a shago. Ta yi aure, mijin direba, ya rasu ya bar ta da yara uku da keken uban nata. Da makarantar ta nemi mai ɗinka yunifom aka ba ta wannan ɗaki, ta shekara ashirin da shida a ciki, a nan ta ciyar da yaran har suka kama gabansu.

Ɗinkin ɓoyen nan, wallahi sai wanda ya gani. Ba ta faci. Sai ta buɗe kalmasar ƙasan rigar, ta zaro zare daga jikin yadin kansa, ta zauna gaban taga ta saƙe wurin da ya yage, tsaye da kwance, tana bin sawun saƙar yadin ɗaya bayan ɗaya. In ta gama ta ɗora ɗanyen ƙyalle ta danne da dutsen guga ta baya. Na sha ɗaukar riga in juya ta gaba da baya ina neman wurin, tana kallona ta saman tabarau tana murmushin mugunta. Ban taɓa cin wannan caca ba ko sau ɗaya.

Yara kuwa suna da dalilin son ta. Kowace Litinin da safe metiron, wato mai kula da ɗakunan kwanansu, takan jera su ta duba farce da gashi da riga. Wadda aka samu da yagaggiyar riga, yankan ciyawa kwana uku, sannan a rubuta gida a sayo sabuwa, kuma ba kowane gida ke da halin hakan ba. To sai yarinya ta faki ido ta faɗa ɗakin Iya da riga a dunƙule cikin zani, ta ce, “Iya, don Allah kada a gani. Kada ki gaya wa kowa.” Iya ta karɓa, ba tambaya. In metiron ta ji ƙishin-ƙishin ta leƙo ta ce, “Iya, wance ta kawo miki riga?” amsar ɗaya ce shekara da shekaru: “Ni ban ga wata yaga ba.” Kowa ya san wasan. Ita kanta metiron takan tafi tana dariya, ni ma daga bayan bango ina taya su.

Akwai kuma mai sito. Mutum mai tsafta, mai sanyin murya, wanda zai gaishe ka sau uku kafin ka amsa ɗaya. Shi ke raba sabulu da bargo da katifa, da audugar mata. A farkon wata ake ba kowace yarinya rabonta, amma in ya ƙare mata, ko al'ada ta zo mata ba shiri, dole ta je siton da ƙafarta ta buɗe baki ta roƙi namiji. Siton dogon ɗaki ne a bayan ɗakin cin abinci, kantoci har rufi, audugar kuma can ƙurya take. Na taɓa cewa a dawo da ita ɗakina, aka ce kayan sito a sito suke zama. Ni da bakina ba ya da linzami, a kan wannan magana sau ɗaya na yi ta na bari. Har gobe ina jin haushin kaina.

Yarinyar da maganar ta fashe a kanta 'yar ajin ƙarshe ce, ƙawayenta na kiranta Lauya. Surutu kamar ta haɗiyi rediyo, ita ke wakiltar makarantar a muhawara, ko allura za ka yi mata sai ta kawo maka hujja uku a kan ba ta buƙata. Ubanta kafinta ne, ita ce ta farko a gidansu da ta kai wannan aji. Cikin mako biyu ta zo ɗakina sau uku. Ciwon ciki, ciwon kai, ba ta iya barci, abinci ba ya shiga. Na auna zafin jikinta, lafiya lau. Na ce, “Jarrabawa ta matso, kowa ya zama majinyaci ke nan?” na zuba mata farasitamol a hannu. A zuwa na ukun na dafa kafaɗarta, ta zabura har ta ture kofin ruwa. Na gani sarai. Amma layi ya yi tsawo a waje, na ce mai bi mata ta shigo.

Ranar wata Laraba Lauya ta tattara ƙarfin halinta ta shiga ofishin shugabar makaranta ta faɗi abin da mai sito ya yi mata a ƙuryar siton, da yamma lokacin da kowa ke filin wasa. Ta ce da ta yunƙura za ta gudu ya damƙi wuyan rigarta ya fizgo, ta yage har ƙirji. Aka kira shi. Ya ce ya kama ta ne tana cusa sabulai a cikin zani, ya yi mata faɗa irin na uba, shi ne ta ƙulla masa wannan sharri. Har da hawayensa. Shugaba ta ce a kawo rigunan yarinyar. Guda biyu ne, kowace da lambarta a wuya, aka juya su aka ɗaga su a haske, ko tsinkewar zare babu. Lauya ta ce Iya ce ta gyara mata. Shugaba ta aiki metiron ta tambayo, ta kuma ja mata kunne kada ta faɗi dalili, don ba a so maganar ta bazu.

Metiron ta leƙa ɗakin kamar yadda ta saba, ta yi tambayar da ta saba. Iya ko ɗaga kai daga keke ba ta yi ba, ta ce, “Ni ban ga wata yaga ba.”

Shi ke nan, Lauya ta zama maƙaryaciya kuma ɓarauniya. Aka yanke cewa ranar Juma'a da safe za ta fito gaban taron ɗalibai ta ba mai sito haƙuri, sannan ta tattara kayanta ta bi ubanta gida. Saura mako uku a fara jarrabawar fita.

Ni sai ranar Alhamis na ji, a taron ma'aikata. Da rana na ɗauki kwanona na shiga wurin Iya kamar kullum, na zauna a benci na fara ba ta labari. Kuma in faɗi gaskiya, a matsayin tsegumi na kai mata, don ni ma rabin zuciyata ta yarda yarinyar ta yi ƙarya. Ina kaiwa wurin riga sai na ji keken ya tsaya.

“Nas, me kika ce? Tambayar da metiron ta yi mini jiya, a kan wannan ce?”

“A kanta ce mana. Ba ke kika ce ba ki ga komai ba?”

Ta cire tabarau ta ajiye a kan keke. “Innalillahi. Na kashe yarinyar nan da bakina. Ni na saƙe rigar, Nas. Yini guda na yi a kanta.”

Na ce to ai da sauƙi, ta je ta ce ta manta ne. Ta girgiza kai, ta ce ba wannan ne ya tsinka mata hanji ba. Ta jawo wata riga daga igiya ta shimfiɗa a cinya tana nuna mini da yatsa. Ƙusa in ta kama riga, kusurwa take yi kamar bakin ƙofa. Faɗan yara a hammata yake farkewa, wurin ɗinki. Wanki da tsufa kuma yadin ne ke yin laushi ya huje. Amma akwai wata yaga daban, wadda ke farawa daga wuya ta gangaro a karkace, ta tafi da maɓalli biyu har da naman yadin. Wannan hannun babba ne, kuma ba da wasa aka ja ba.

Na ce, “Yaya, kin taɓa ganin irinta kafin ta Lauya?”

Ba ta ba ni lissafi ba, sai ta fara kiran su. Doguwar nan mai wushirya da ta bar makaranta a tsakiyar zango. Ɗaya daga cikin tagwayen nan. Wadda take yawan suma a taro. Tana faɗa ina gane su, domin kowace a cikinsu ta zauna a kujerar ɗakina. Ta ce, “Hannuna ya daɗe da sani. Ni ce na hana shi gaya wa kaina. Cewa nake yi rufin asiri nake musu.”

Zuciya ta ɗebe ni, na miƙe ina faɗa. Na ce ina amfanin ido da tabarau, ina amfanin shekaru, yara na kawo miki ciwonsu a hannu kina gogewa da dutsen guga! Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce a hankali, “Gaskiya kika faɗa. Ke da suke zuwa miki da ciwon ciki fa, me kika ba su?”

Na koma na zauna. Abincin nan ban ci shi ba.

Ta zare allura ɗaya daga gaban rigarta, ta ɗauki reza da tabarau, ta saka takalmi. A duk shekarunta a makarantar ba ta taɓa taka ofishin shugaba ba sai an kira ta. Na bi ta a baya. A bencin ƙofar ofis muka tarar da Lauya, ta rame ta yi zuru-zuru, ga ubanta a gefe da hula a hannu, ƙurar katako har a girarsa, daga wurin aiki aka kira shi. Ya zo roƙo ne a bar ta ta rubuta jarrabawa ko da daga gida. Iya ta yi sallama ta tura ƙofa, ba ta jira an amsa ba. Shugaba na ciki da metiron, shi ma mai sito na zaune da biro a hannu zai sa hannu a takardar da aka rubuta.

“Ranki ya daɗe, jiya na yi ƙarya,” in ji Iya. “A ba ni rigar yarinyar nan, wadda kalmasarta ta fi siranta.”

Shugaba ba muguwa ba ce, mace ce da sunan makaranta ke hana ta barci. Ta dubi Iya, ta dubi metiron, sannan ta jawo aljihun tebur ta miƙa rigar. Iya ta ja kujera zuwa gaban taga. Ta fara buɗe kalmasar da reza ta nuna musu inda zare ya yi giɓi, wurin da ta zaro. Daga nan ta juya wuyan rigar, ta sa bakin allura ta fara tsince saƙarta zare ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a kan gwiwarta. Aikin da ta yi alfahari da shi tun tana yarinya, shi take warwarewa a gaban mutane. Ya ɗauke ta fiye da rabin awa. A hankali yadin ya fara buɗe baki, daga wuya ya gangaro a karkace, har inda maɓalli na biyu yake.

Mai sito ya yi 'yar dariya ya ce, “Haba Iya, ai yanzu kika yaga ta a gabanmu.”

“Ɗana, taɓa bakin yagar ka ji,” ta ce. “Abin da reza ta yanka yanzu kaifi gare shi. Wannan ya sha wanki sau biyu, ya yi gashi.” Ta ɗaga rigar ta fuskanci shugaba. “Ƙusa ba ta yin haka, yara ba sa yin haka. Wanda ya ja ta a gabanta yake tsaye, ya fi ta tsawo, kuma da hannun hagu ya ja.”

Duk makarantar an san mutum ɗaya ne bahago a cikin ma'aikata maza. Na ga idon metiron ya sauka a kan biron da ke hannunsa. Shi ma ya ga ta gani, ya ajiye biron a tebur. Amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce tsohuwa ta faɗi magana jiya ta sake wata yau, wacce za a ɗauka? Ya ce shekararsa goma sha huɗu a wurin ba a taɓa kama shi da ko allura ba, yanzu za a ɓata masa suna a kan tsumma.

Shugaba ta dafe kai. “Iya, riga ɗaya ce, shaidarki kuma ta zama biyu. In na kai maganar nan gaba, da haka za su kayar da ke.”

“Akwai wasu, ranki ya daɗe.”

“Su wa?”

“Ba zan kira suna ba. Rigunansu ne, bakinsu ne. Na riga na yanke musu hukunci sau ɗaya ban tambaye su ba, ba zan ƙara ba.”

Abin da aka samu a ranar shi ne an ɗaga korar zuwa Litinin, an kuma karɓi makullin sito an ba metiron. Da muka fito, Iya ta durƙusa a gaban Lauya, tsohuwa mai jikoki a gaban 'yar shekara goma sha bakwai. Uban ya ruɗe yana cewa, “Subhanallahi, Iya, tashi, tashi.” Ta ce, “Yafe mini, 'yata.” Lauya ta dube ta ta ce, “Ai ni na ce miki kada a gani, Iya.” Iya ta ce, “Ke yarinya ce. Ni ya kamata in tambaya.”

Ranar Juma'a ban ji ƙarar keke ba. Na leƙa na ga ta lulluɓe shi da zani, ta fito da benci ƙofar ɗaki ta zauna, hannuwa a cinya. Ba ta kira kowa ba, ba ta aika a kira kowa ba. Amma makarantar kwana ba a ɓoye magana, kafin azahar har 'yan ajin farko sun san Iya ta farke ɗinkinta a ofis, sun kuma san dalili. Yinin nan haka ya wuce, yara na ratsawa suna gaishe ta suna sunkuyar da kai. Na ce mata, “Yaya, ba za su zo ba. Tsoro suke ji.” Ta ce in sun ƙi zuwa ba ta ga laifinsu ba, ita ta koya musu ɓoyewa.

Asabar ranar wanki ce, duk sai sun bi ta ƙofarta da bokitai. Wajen hantsi wata 'yar aji biyar ta rage tafiya, ta zaro riga a ninke daga ƙarƙashin kayan wankinta, ta ajiye a benci. Ba ta dubi kowa ba ta ce, “Iya, ki farke.” Ta wuce da sauri. Kafin la'asar ta Lahadi riguna huɗu ne a bencin. Ta ƙarshen wata 'yar ajin farko ce ta kawo, rigar 'yar mitsitsiya, ban san lokacin da na shige ɗakin magani na rufe ƙofa na yi kuka mai isata ba. Watanni biyu kafin nan na ba yarinyar maganin tsutsar ciki.

Iya ta ce ba za ta farke ko ɗaya ba sai a gaban shugaba, kuma sai mai rigar ta yarda ta tsaya. Na kira su ɗakina ɗaya bayan ɗaya, na rufe ƙofa, na yi abin da ya kamata in yi tun tuni, wato na zauna na yi shiru na saurara. Uku suka ce za su je. Ƙaramar ta ce ba za ta iya magana ba, amma za ta riƙe hannun Lauya. Ranar Litinin, maimakon duba farce da riga, a ofis aka yini. Riga huɗu, yaga huɗu, duk daga wuya a karkace, duk gefe ɗaya. A ta uku shugaba ta ce ya isa, Iya ta ce bai isa ba, ta huɗun ma tana da haƙƙin a gani.

A ranar aka miƙa mai sito ga hukuma. Ba zan yi muku ƙarya in ce shari'ar ta tafi yadda nake so ba, an yi ta ɗagawa har wasu iyayen suka gaji suka janye, amma dai bai sake taka makarantar ba. Lauya ta rubuta jarrabawarta a kujerarta, ta kuma ci. Surutun bai dawo nan da nan ba, mun sha zama da ita a ɗakina, wani lokaci mu yi awa ba ta ce komai ba, daga baya na haɗa ta da likitar da ta fi ni sanin irin wannan ciwo. Audugar nan kuwa da aka ce ba ta barin sito, baro biyu aka yi aka kwaso ta zuwa ɗakina, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Metiron da kanta ta nemi a soke yankan ciyawa a kan yagaggiyar riga.

Iya ta buɗe kekenta ta ci gaba da aiki, sai dai ta karya dokar ubanta. Duk wadda ta kawo riga sai ta zaunar da ita a benci ta ce, “Wa ya yaga?” Yawanci ƙusa ce ko ƙofar bandaki, su yi dariya ta saƙe. Yara har suka mayar da shi waƙar tsokana, in sun hango ta sai su haɗa baki, “Iya, wa ya yaga?” ta ɗaga musu almakashi. Ni ma na koyi tambaya ta biyu bayan “ina ke miki ciwo”. Amma da rana in muna cin abinci takan ajiye cokali ta ce, “Nas, waɗanda suka tafi da ɗinkina a jikinsu fa?” Sai in ce ta ci abincinta.

Bayan shekara biyu idonta ya yi rauni, zare ba ya shiga mata allura sai na zo na zura mata. A watanta na ƙarshe a makarantar, ina ɗakinta muna haɗa maɓallai a gwangwani, sai wata mata ta yi sallama da goyo a bayanta. Doguwa ce. Da ta buɗe baki ta gaishe mu na ga wushiryar, nan take na gane ta. Ta ce labari ya iso mata a garin da take aure, ta daɗe tana son zuwa ba ta samu ƙarfin zuciya ba. Ta buɗe jaka ta fito da farar riga da ta fara komawa ruwan ƙasa, lambarta na nan a wuya. Shekara tara tana ajiye da ita a ƙasan akwati, ko mijinta bai taɓa gani ba.

“Na gaya wa mahaifiyata a lokacin,” ta ce. “Ta ce in nuna mata rigar. Na nuna mata.”

Iya ta karɓa da hannu biyu ta matsa gaban taga. Ta gyara tabarau, ta kai rigar har kusa da hanci, ta shafa wuyan, ta juya ta shafa bayan. Ta daɗe tana nema. Daga ƙarshe ta ɗago, hawaye na bin fuskarta, ta ce, “'Yata, na kasa gane wurin.”

Matar ta durƙusa da goyonta, ta kama yatsan Iya ta ɗora shi ƙasa da wuyan rigar kaɗan, ta gefen dama.

“Ga shi nan, Iya. Daga nan ya fara.”

Iya ta laluba gaban rigarta ta zaro allura.